Neman Bakin Teku a Ikko

Bahaushe ba shi da teku a ƙasarsa, amma yana da kalmar a bakinsa. Ruwan da ya tashi ya sani shi ne na rijiya da kududdufi da ƙorama da gulbi, in kuwa ya yi nisan tafiya ya ga Kwara ko Tafkin Cadi. Malamai da mahajjata sun aro "bahar" daga Larabci, suka riƙa cewa Bahar Maliya da Bahar Rum, to amma wannan kalma ta littafi ce, ba a cika jin ta a kasuwa ba. Ita kuwa "teku" wasu masana harshe suna danganta ta da Yarbanci, wato "eti okun", ma'ana gefen babban ruwa. In har haka ne, ashe sunan gaɓa Bahaushe ya ɗauko ya laƙaba wa ruwan baki ɗaya, domin a gaɓar ƙafarsa ta tsaya. Abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya tambayi kansa shi ne, su wane ne suka fara tsayawa a wannan gaɓa har kalmar ta shiga kunnensu, kuma me ya kai su can?

A ƙarshen shekarar 2024 wasu ɗalibai 14 'yan ajin ƙarshe suka tashi daga Kano tare da malaminsu na karin harshe, da nufin ɗaukar maganar Hausawan da ke zaune a zango-zango bisa tsohuwar hanyar goro. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, an kuwa yi ta daki-daki cikin kwana takwas, ta Kaduna da Bida da Mokwa, aka ƙetare Kwara a Jebba, aka yada zango a Ilori, sa'an nan Sabon Badun, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, daga nan sai Shagamu. Ikko ba ta cikin aikin. Kwana biyun ƙarshe Malam ya ba da su kyauta don buɗe ido, saboda a cikin ɗaliban nan mutum biyu kaɗai suka taɓa ganin ruwan da ba a hangen ƙetarensa.

Direban motar wani dattijo ne mai kusan shekara 70, wanda kowa ke kira Baba. Tun yana ɗan shekara 16 ya fara bin manyan motocin goro tsakanin Agege da Kano a matsayin yaron mota, daga baya ya zama direba, har ya tsufa a kan sitiyari, sai dai ya fi shekara 20 rabonsa da ƙetarawa cikin tsibirin Ikko. Tun daga Zariya ya ɗaukar wa yaran alkawari. Ya ce, "Ku dai ku gama tambaye-tambayenku. Ni ne zan kai ku Babici, ku ga ikon Allah da idonku." Bar Beach yake nufi. Duk inda aka tsaya shan mai sai ya sake tuna musu, har sunan ya zama abin wasa a motar.

A gadar Jebba Malam ya so ya ba su labarin wani jirgin ruwan Ingilishi mai suna Dayspring, wanda ya yi karo da dutse ya nutse kusa da nan a 1857, amma rana ta take, rabin motar na gyangyaɗi, sai ya haƙura ya ce labarin zai jira su a gaba.

A Agege suka kwana, a gidan wani fatomar 'yan goro, da asuba suka kama hanyar tsibiri don su riga cunkoso. Motar tana hawa Gada ta Uku, wadda tsawonta ya kai kilomita 11.8, aka kuma gama ta a 1990, sai ruwa ya buɗe ta hagu iyakar ganin ido. Nan take mota ta ɗauki salati da ihu, ana cewa ga teku, ga teku. Baba bai ko waiwaya ba, ya ce, "'Ya'yana, ku adana salatinku. Wannan tafki ne. Uwar tana gaba." Gaskiyarsa kuwa. Wannan ƙaton ruwa kwantacce, mai surkin gishiri, shi ne Turawan Fotugal suka gani suka ba garin suna Lagos, wato tafkuna a harshensu. Masu garin Eko suke cewa, daga nan Bahaushe ya samo Ikko. Ta ɗaya gefen kuma ga unguwar Makoko, gidajen katako a tsaye kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi ya lulluɓe su, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale kamar yadda takwarorinsu na karkarar Kano ke kora jaki.

Wuraren da aka saba kai baƙon arewa, can aka fara kai su. A gidan ajiye kayan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, suka tsaya a gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, ga hudar harsashi nan a jikinta. Suka leƙa Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin karɓar mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. Aka yi hotuna ba iyaka. Babu laifi cikin wannan, illa dai wanda ya ga waɗannan biyun ya juya gida zai koma da zaton cewa dangantakar mutanen arewa da Ikko ta manya ce kawai, ta fara da mulki, ta kuma ƙare ran da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991. Wannan zato kuwa ya gajarta labarin da fiye da shekara 150.

Azahar ta same su a tsakiyar kasuwa, inda mota ba ta iya shiga, suka taka a ƙasa cikin turereniya har wani ɗan masallaci a Titin Martins, wanda shaguna da benaye suka matse har baƙo zai iya wuce shi bai lura ba. Masallacin Shitta-Bey ke nan, an buɗe shi a 1894. Wanda ya kashe dukiyarsa ya gina shi, Muhammadu Shitta, a Saliyo aka haife shi, ɗan Yarbawan da jiragen yaƙin Ingilishi suka ƙwato daga jiragen bayi, ya kuma yi arzikinsa ne da fatauci a Kwara wajen ƙasar Nufe. Laƙabin Bey daga Sarkin Santambul ya zo masa. Maginin kuwa, João Baptista da Costa, yana cikin mutanen da ake kira Aguda, wato 'yantattun bayi da zuriyarsu waɗanda suka komo daga Birazil. Shi ya sa fuskar ginin ta fi kama da cocin Bahiya bisa ga masallatan Kano ko Zariya. Wata ɗaliba ta ce ita kam da ba ta ji kiran salla ba, ba za ta cire takalmi ba.

Bayan an idar, Malam ya tara su a inuwar shirayin, ya ce a nan ne darasin tafiyar yake, ko da yake babu wanda zai tambaye su shi a jarrabawa. Daga shekarar 1804, da yaƙe-yaƙen jihadi suka kankama, sa'an nan daular Oyo ta shiga wargajewa, kamammu suka yawaita, kuma Ikko ta zama babbar tashar fitar da bayi a wannan yanki na gaɓar teku. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, amma jiragen Birazil ba su daina lodi ba sai wajen 1850. Da yawa daga cikin waɗanda aka loda Hausawa ne, aka sauke su a Bahiya, ƙasar rake. Can ma ba su kwanta ba. An kama su suna shirin tawaye a 1807, sun tayar a 1809 da 1814, kuma a watan azumin 1835 Musulmin birnin, galibinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna suka gwabza da sojan gwamnati cikin dare. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu masu rubutun Larabci, wasunsu suna nan ajiye a Birazil har yau. Bayan wannan tawaye ne aka tsananta wa 'yantattun baƙaƙe, da yawa suka shiga jirgi suka komo Ikko da sauran garuruwan gaɓa, suka zo da sana'ar gini irin wadda ɗaliban ke jingine da bangonta.

Akwai kuma wani Bafaranshe, Francis de Castelnau, wakilin ƙasarsa a Bahiya, wanda ya zauna da waɗansu bayi Hausawa ya yi ta yi musu tambayoyi game da ƙasarsu, ya buga abin da suka gaya masa a 1851. Mutanen nan sun lissafa masa garuruwan da suka fito, irin su Kano da Katsina da Zazzau, da zangunan da aka bi da su har bakin ruwa. Wato dai hanyar da ɗaliban suka biyo a mota cikin kwana takwas, suna ƙorafin zafi da ramuka, wasu sun riga sun tako kusan irinta da ƙafa, da igiya a wuya. Mai yiwuwa ne ƙwarai a cikin irin waɗannan bakuna kalmar "teku" ta fara zama, ko da yake fatake ma suna da nasu rabon.

Wani ɗalibi mai zafin kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan duk zaluncin Turawa ne." Malam ya ce, "Bature ya zo da jirgi, ya tsaya a bakin ruwa. Wa ya kawo masa mutum daga Zazzau?" Yaron ya yi shiru. Wannan ita ce gaɓar da ba a son taɓawa in ana hirar nan a tsakanin ɗalibai. Ayarin da ya gangaro kudu da kanwa da fata da tufafin saƙi, sau da yawa shi ne kuma ya gangaro da mutane, mai sayarwa da abin sayarwa harshe ɗaya suke ji, wani lokaci ma alƙibla ɗaya suke duba.

A nan labarin jirgin Jebba ya cim musu. Cikin Turawan da suka tsira daga haɗarin akwai wani hafsan sojan ruwa, John Glover, wanda ya bi ta ƙasa zuwa Ikko, ya kuma saba da bayi 'yan arewa da ke neman hanyar tsira daga iyayengijinsu. Ingilishi sun yi wa garin ruwan wuta a 1851 suka kori Sarki Kosoko, suka karɓe shi ɗungum a 1861 daga hannun Sarki Dosunmu. A 1863 Glover ya ɗauki mutum 18 cikin irin waɗannan gudaddun bayi ya ba su bindiga, aka riƙa kiran su Hausawan Glover, ko da yake ba dukkansu ne Hausawa a haihuwa ba, harshen ne ya haɗa su. Daga wannan ɗan gungu rundunar sojan Nijeriya take ƙirga asalinta. An kai irinsu yaƙin Asante a 1874, an kai su Ijebu a 1892, kuma sojan da suka fasa ganuwar Kano a 1903 da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Unguwar Obalende, wadda motar ta ratsa bayan la'asar, tana cikin wuraren da aka zaunar da tsofaffin sojan nan da iyalansu. Babu wani allo da ɗaliban suka gani a hanya mai faɗin wannan, sai dai masu tsire da masu canjin kuɗi da ke ta ciniki da Hausa a ƙarƙashin gada.

Duk wannan bayani Baba bai saurare shi ba, yana mota yana duban rana. Da aka shigo ya ce saura nasa. Ya ƙetara zuwa Tsibirin Biktoriya ba tare da ya tambayi kowa hanya ba, ya hau titin da aka sa wa sunan Sardauna, Ahmadu Bello, yana cewa su zuba ido ta dama, yanzu za su ji ƙugin ruwa. Aka yi ta tafiya, babu ƙugi. Abin da ke wajen shinge ne mai tsawo, bayansa fili fetal na yashi da tituna sababbi, da waɗansu dogayen benaye tsilli-tsilli, da motocin gini. Baba ya kai ƙarshen titi ya juyo, ya sake bi a hankali. Daga bisani ya tsaya ya kira wani mai gadi da ya ga alamar ɗan arewa ne, ya ce, "Ɗana, ina Babici?" Yaron ya ce, "Baba, ai kana kansa. An cike shi tun ban zo garin nan ba."

Yadda abin ya faru shi ne, tsakanin 1908 da 1912 Turawa sun jera manyan duwatsu suka yi katangu cikin teku a mashigin tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. To a wannan gaɓa ruwa yana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangun suka tare shi, sai ya taru ta yamma, gaɓar gabas kuwa, inda Bar Beach yake, ta rasa mai ciyar da ita, teku ya dinga cin ta shekara da shekaru. Gwamnatoci sun sha zuba yashi ruwa yana kwashewa, har ta kai teku yana haurowa kan titin Ahmadu Bello ya shiga gidaje. Daga 2008 aka fara wani aiki na daban: aka yi ta haƙo yashi daga ƙarƙashin teku ana cike wurin, aka gina ganuwar duwatsu can gaba, aka sa wa sabuwar ƙasar suna Eko Atlantic. Titin ya tsira daga ambaliya, wannan ba abin musu ba ne. Amma bakin tekun da talakan Ikko ke zuwa ran Lahadi ba tare da an tambaye shi ko sisi ba, ya tafi ke nan.

Baba ya kashe mota ya zauna shiru, babu wanda ya yi dariya. Can ya fara magana, ba da kowa ba. Ya ce a nan ya fara ganin teku a 1971, maigidansa ya kawo shi, ya tsaya ƙafarsa na rawa, ya ga raƙuman ruwa suna tasowa sun fi soro tsawo. Ya ce akwai dawaki, akwai masu fararen riguna da ƙararrawa suna addu'a ba takalmi, akwai masu sayar da kwakwa. Ya ce a shekarar nan ne kuma aka ɗaure ƙasurgumin ɗan fashin nan Oyenusi a jikin durom aka harbe shi a kan yashin nan, a gaban dubban mutane, shi ma yana cikin 'yan kallo, ya yi kwana uku bai iya cin abinci ba. Ran da zai koma gida ya cika kwalba da ruwan teku ya kai wa mahaifiyarsa, domin a lokacin ana neman sa don magani, ta ɗanɗana ta tofar, ta ce lalle wanda ya zuba wa wannan ruwa gishiri ba ya tsoron tsada.

Malam ya ce ba za a koma Kano da alkawarin dattijo a wuya ba. Mai gadin ya kwatanta musu wani wuri can wajen Lekki, suka yi fiye da awa ɗaya cikin cunkoso kafin su kai. A ƙofa aka ce kowane kai sai ya biya. Baba ya ce shi ba zai ba da kuɗi don ya ga ruwan Allah ba, a bar shi a mota. Sai da Malam ya biya a ɓoye, ya ce masa an yafe wa dattawa, sa'an nan ya sauko.

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da suka hau tudun yashi, teku ya bayyana gaba ɗaya. Wannan karon babu ihu. Ƙugin ya cika kunne, iska mai danshi tana manna riga a jiki, can nesa ga jiragen dakon kaya a jere suna jiran layin shiga Apapa. Wasu suka naɗe wando suka taɓa ruwan da ƙafa suka ja da baya a guje, da suka ji yashi yana zamewa a ƙarƙashinsu. Wata ɗaliba ta lura da abin da ya dace ɗalibin harshe ya lura da shi, ta ce ashe Bahaushe da ya zo nan bai sami abin kwatanta motsin ruwan ba sai kayan ayarinsa, ya ce raƙumin ruwa, ya ce igiyar ruwa.

Dawakin suna nan, ramammu, an yi musu ado da tsummoki masu launi. Masu jan su samari ne 'yan arewa. 'Yan gari masu shan iska suna ƙwala musu kira, "Aboki! Aboki!" da irin muryar da ake kiran wanda ba a damu da sanin sunansa ba. Wannan kalma tana cikin mafi daɗin kalmomin Hausa, amma a bakin mutanen Ikko ta zama sunan duk wani mai gadi ko mai gyaran takalmi ko mai tura ruwa, wani lokaci ma zagi ce ga wanda aka raina wa wayo. Ɗaliban sun yi kwana takwas suna farautar kalmomin da Hausar zango ta aro daga Yarbanci, ba su yi tunanin duba abin da aka aro daga gare su ba, da yadda ya koma a hannun masu aron.

Ɗaya daga cikin samarin, da ya ji Hausar Kano, ya jawo dokinsa ya zo ya gaishe da Baba har ƙasa. Ba zai wuce shekara 19 ba. Ya ce daga wani ƙauye yake a ƙasar Zamfara, 'yan bindiga suka tashe su, aka kashe yayansa, mahaifiyarsa da ƙannensa suna Gusau a wani kango. Shi ya biyo motar shanu ya zo, ya fara da acaba, da aka hana acaba a manyan unguwannin Ikko a 2022 ya koma jan dokin wani. Ɗalibin nan mai zafin kai ya ciro na'urar ɗaukar magana, ya dube ta, ya mai da ita aljihu. Suka tambaye shi ko yana shiga ruwan. Ya ce shekararsa uku a nan, bai taɓa wuce idon sawu ba.

Baba ya wanke wata gorar roba, ya sa yaron ya riƙe masa hannu, ya taka har inda kumfa ke iyaka ya cika ta. Da za su tafi yaron ya ce su dakata, ya ruga wata rumfa ya dawo da ƙullin leda, atamfa ce turmi ɗaya da takalman yara ƙafa biyu, ya ce ya fi wata huɗu yana neman wanda zai amince wa. Malam ya fara cewa ai su Kano za su, ba Gusau ba. Baba ya karɓi ƙullin ya ce, "Malam, a bar wannan a hannuna. Akwai yarona a tasha, duk Talata yana lodin Gusau." Ya sa aka rubuta sunan unguwar da lambar wayar wani maƙwabci a jikin ledar, ya cusa ta ƙarƙashin kujerarsa tare da gorar ruwan, ya ce kowa ya shiga mota, yana so su wuce Badun kafin rana ta fito.